Keken Aro da Gyambon Malam Isa

Tun da na fita takaba mata ke tare ni a bakin famfo suna tambaya wai me ya kashe Malam Isa, tunda kowa ya ga ya fara samun sauƙin shanyewar jikin, har masallaci ana kai shi. Na gaji da ba da amsa guntu-guntu, shi ya sa na zauna in faɗe shi gaba ɗaya, wanda ke da majinyaci a gida ya ji ya ɗauki abin da zai ɗauka. Kwana idan ya ƙare ya ƙare, wannan na sani, ba sai an tuna mini ba. Amma kowace mutuwa da sanadinta, kuma sanadin ta Malam a gaban idona ya fara, bai kai faɗin murfin kwalba ba.

Sunana Binta. A nan Agege aka haife ni, a nan aka yi mini aure. Malam mahauci ne a abbatuwa tun kafin in san shi, ni kuma waina nake soyawa a ƙofar gidan da muke haya. 'Ya'yanmu mata biyu duk suna ɗakunansu, Sadiya a Ikorodu, ɗayar a Arewa, saboda haka daga ni sai shi. Yana da hawan jini, amma magani sai ran da ya tuna, in na yi magana ya ce ni ce hawan jinin nasa. Wata safiya ya tafi aiki lafiya lau, kafin in sayar da rabin ƙulluna abokan aikinsa suka kira ni, wai ya yanke jiki ya faɗi da wuƙa a hannu.

Ba zan ja labarin kwanciyar farko ba. Ƙaramin asibitin da aka fara kai shi suka ce ya fi ƙarfinsu, aka wuce babban asibitin da ke wajen Idi-Araba. Can kuma ba gado, muka wuni a cikin motar da ta kawo mu ana sa masa ruwa, leda rataye a jikin ƙofa. Ya yi makonni a kwance. Da aka zo sallama, ɓarin hagu duk ya tafi, hannu da ƙafa, harshe kuma ya yi nauyi, sai wanda ya saba da shi ke gane abin da yake faɗa.

A nan dole in ambaci Alhaji Garba, yayan Malam uwa ɗaya uba ɗaya, dillalin albasa a Mile 12. Zan faɗi abin da ya yi mini ciwo game da shi, amma kafin nan bari in faɗi alherinsa. Ba don shi ba, da ko allurar farko ba mu saya ba. Duk takardar da aka miƙo, shi ke karɓa ya tafi wajen biya, bai taɓa juyowa ya kalle ni ba. Allah Ya saka masa, wannan har in mutu ina faɗa.

Ana gobe sallama, wata nas a sashen gashin ƙashi ta ce mutumin nan yana buƙatar keken guragu, in ba haka ba ɗaki zai cinye shi. Da muka ji kuɗin sabo, muka kalli juna. Sai ta ce akwai wata ƙungiya da ke karɓar tsofaffin kekuna da sanduna daga wajen waɗanda suka warke ko suka rasu, ta gyara ta wanke, ta ba wasu aro kyauta. Alhaji ne ya tafi da takardar, ni ina tare da Malam ina haɗa kaya. Shi ya sa hannu, shi ya ba da lambar wayarsa, kamar yadda aka saba, babban gida shi ke tsayawa. Can sai ga shi yana turo keke, baƙi, an sake masa taya, an rubuta masa lamba da farin fenti a baya.

Na ce, “Yaya, me suka ce?”

Ya ce, “Turanci ne dai da yawa, sai wata 'yar Jos da ta yi mini da Hausa. Wai za su riƙa kira suna jin labarin keken. Kin gane ai, so suke su tabbatar ba mu sayar ba. Ki kula da shi, kada su ji wani abin da zai sa su zo su ɗauke.”

Abin da na sani ke nan, kuma a kansa na zauna.

Keken nan, wallahi, da farko rahama ne. Mutumin da ya dawo gida yana kallon silin yana hawaye, sai ga shi a ƙofar gida kusa da tandata, mahauta 'yan'uwansa suna tsayawa suna tsokanarsa wai oga ya samu mota ba direba. Ran Juma'a maƙwabta su tura shi masallaci. Ya fara cin abinci, ya fara dariya da rabin bakinsa. Da na gama yi masa wanka da safe zai nuna keken da haɓa, kuma ba zai yarda a mayar da shi ɗaki ba sai an kira magariba. In na ce ya ɗan kwanta ya huta, sai ya ɓata rai, ya ce ya kwanta ya gaji.

Abin da na lura da shi, amma ban san muhimmancinsa ba, keken ya yi masa faɗi. Da gani mai shi na farko ƙato ne, Malam kuwa dama ba jiki gare shi ba, ga ciwo ya ƙara zuge shi. Shimfiɗar zaman ta lotsa a tsakiya, shi kuma kullum ya karkace ya jingina a ɓarin da ya mutu. Sai in ninke tsohon zani in cusa masa a gefe. Ga zafin Legas, ga gumi, mutum na zaune a kan leda tun safe.

Wajen mako na uku ina yi masa wanka na ga wani jan tabo a mazauninsa, ɓangaren hagu, daidai kan ƙashi. Na danna, na ce, “Malam, da zafi?” Ya ce a'a. Ni kuma sai na ji daɗi, na ce tunda ba zafi ba komai. Ashe wurin ne ba ya jin komai. Na shafa masa man zaitun na ɗora shi a keke.

Mako na gaba fatar ta saluɓe. Na gaya wa Alhaji, ya ce ƙurajen zafi ne, kowa na yi a wannan garin. Daga nan shawara ta fara zuwa, don majinyaci a unguwarmu ba ya rasa likitoci. Wannan ta ce zuma, waccan ta ce garin bagaruwa, wani dattijo a masallaci ya aiko cewa a fasa kafso a barbaɗa. Mai kemis ya sayar mini da auduga da ruwan wanki da fulasta ba tare da ya ga ciwon ba, don Malam ya rantse ba wanda zai ga wurin nan sai ni. Duk na yi. Kuɗin auduga da fulasta kaɗai suka fara cin jarin wainata. Ciwon kuma in ya yi kamar zai bushe da safe, kafin magariba ya jiƙe har ya ɓata wando.

Ran da abin ya tsaya mini a wuya, wata Lahadi ce Alhaji ya zo dubiya. Na gama wanke ciwon ke nan, kwanon audugar da na cire yana hannuna, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba ya ce, “Masu keke ne.” Wayarsa irin mai ƙarar nan ce, ina jin muryar matar sarai.

Ta gaishe shi, ta ce, “Alhaji, Baba yana amfani da keken?”

“Sosai ma, alhamdulillahi.”

“Yana daɗewa a kai?”

“Yadda ya kamata dai.”

“Keken bai yi masa faɗi ba? Ba ya karkacewa?”

“Daidai da shi, kamar don shi aka ƙera.”

“Kun duba bayansa da mazauninsa? Ba ja, ba ciwo?”

Ya ce, “Lafiya lau, ba komai. Mun gode, Allah Ya saka da alheri.”

Na ajiye kwanon na ce, “Yaya, ba ni wayar.” Ya kalle ni ya kashe.

Ban taɓa ɗaga wa Alhaji murya ba sai ranar. Na ce, “Matar nan ta tambayi abin da ke cikin kwanon nan da sunansa, ka ce lafiya lau? Kai ke wanke shi?”

Ya ce, “Binta, ki dawo hankalinki. Mutane sun ba ka abu kyauta, ba ka biya sisi ba, sai ka buɗe baki ka ce abinsu ya ji maka ciwo? A ina aka taɓa yi? Mu ba a haife mu da butulci ba. Sannan ki ɗauki tsiraicin mijinki ki kai wa wata mace baƙuwa a waya, ta rubuta a takarda? In suka ji sun ce keken bai dace ba suka zo suka ɗauke, ke za ki saya masa wani?”

Na buɗe baki zan mayar masa, sai na ji Malam yana buga gefen gado da hannunsa mai lafiya. Na matsa kusa. Ya kama bakin zanena ya riƙe tam, yana ta fama da harshensa, da ƙyar ya fitar da ita.

“Kar ki faɗa. Za su ƙwace. Binta, kar.”

Idonsa ya kawo ruwa. Keken nan shi ne ƙafarsa, shi ne masallacinsa, shi ne hirarsa. Na tsaya ga kwano a ƙasa, ga mijina yana roƙona, gaba kura baya sayaki. Na ce masa to.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi muni a rayuwata, har da na asibiti. Na rage masa zama, mu yi ta faɗa kullum. In kwantar da shi ya ƙi cin abinci, in ɗora shi a keke in ji kamar da hannuna nake tura shi rami. Bakin ciwon bai ƙara faɗi sosai ba, wannan ne ya riƙa yaudarata, sai dai ya yi baƙi, kuma audugar da nake sawa ta fara shigewa ciki fiye da da. Sai wari. Na yi ta kunna turaren wuta har masu sayen waina suna cewa Binta an yi sabon aure ne. In yi dariyar yaƙe.

Iya Basira ce ta fasa ƙwan, Bayarabiyar da ɗakinta ke kallon namu, mun fi shekara goma tare. Ta tare ni a bayan gida ta ce mini da Yarabanci, “Maman Sadiya, ni na yi jinyar uwata, na san wannan warin. Turare ba ya maganinsa. Ku Hausawa in aka tambaye ku yaya jiki, ko a bakin kabari kuke sai ku ce da sauƙi. Ki bar kunya ki nemi masu keken nan.”

Na ji haushin maganarta, na wuce abina. Washegari da safe na taɓa Malam na ji jikinsa kamar tanda, yana rawar sanyi, koko ma ya kasa haɗiya. Na ba shi maganin zazzaɓi, na kira Iya na ce ta zauna da shi. Na gaya masa zan je karɓo magani. Ban san sunan ƙungiyar ba, ba ni da lambarsu, tana wayar Alhaji. Abin da na yi, na juya keken na kwafi lambar nan ta farin fenti a tafin hannuna da biro, na fita na hau motar danfo.

Gosulo ya riƙe mu a hanya har na ji kamar in sauka in yi gudu, ina ta dunƙule hannu kada gumi ya goge lambar. A asibiti aka yi ta wasa da ni kamar ƙwallo, je ki can, dawo nan, mai kati ya fita cin abinci. Sai da na samu nas ɗin nan ta gashin ƙashi, ita ta kwatanta mini ofishinsu, wani ɗan shago a bayan asibitin, cike da kekuna da sanduna an jingine su kamar wurin mai gyaran keke. Wata mata baƙa, siririya, tana tsugune tana ɗaure birki. Da na yi sallama ta amsa, na gane muryar.

Ta ce sunanta Rifkatu. Na buɗe mata tafina. Ta danna lambar a wayarta, ta ce, “Malam Isa, Agege. Ai an ce lafiya lau yake.”

Na ce, “Ba lafiya ba.” Daga nan kuka ya ƙwace mini, a gaban baƙuwa, ni da ban yi a gaban 'ya'yana ba.

Ta zaunar da ni ta ba ni ruwa, na gaya mata komai. Na ƙare da cewa, “Don Allah kada ku ƙwace, zai mutu in aka raba shi da shi.”

Ta ce, “Mama, wa ya ce muna ƙwacewa? Mu ba mu karɓar keke sai mai shi ya gama da shi. Kiran da muke yi, kowane keke muna bin sa ne mu san gidan da yake, yana taimako ko yana cutarwa. Keken da wani ya yi amfani da shi ba don jikin mutum na biyu aka yi shi ba, dole sai an bi an gyara. Ran da Alhaji ya zo wannan keken kaɗai ne a ƙasa, na gaya masa ya yi faɗi, a riƙe shi kafin mu samu ƙarami. Ga shi nan.” Ta nuna wani keke a lungu, an lulluɓe shi da leda, an ɗora masa wani kushin mai kauri. “Tun wancan watan ya shigo, na ware wa Baba. Duk kiran da na yi sai na tambaya ko in kawo, Alhaji ya ce wanda ke hannu ya isa, kada a wahalar da mu. Ni kuma abin da aka gaya mini shi nake rubutawa. Na so in zo da kaina, don tsohon keke ba ya rasa ƙorafi, ko taya ko birki, in na ji shiru da yawa hankalina ba ya kwanciya. Amma gidaje sun yi mini yawa, masu kuka nake fara bi.”

Ta rufe shagon a take, ta ɗauki jakarta muka taho tare.

Malam na ganin baƙuwa a bayana ya gane. Ya kalle ni kallo ɗaya ya juya fuskarsa bango. Rifkatu ta durƙusa ta gaishe shi da Baba, ta nemi izini, bai amsa ba. Ni na ɗaga rigar. Ta sa safar hannu ta cire audugar a hankali, ta leƙa, ta mayar. Ba ta yi wani dogon bayani ba, ta ce, “Mama, ki nemo mota yanzu.”

Muka koma babban asibitin, layin da muka baro. A imajensi ba gado, aka kwantar da shi a kan gadon turawa a baranda, a kife, ina tsaye ina kare shi da mayafina saboda masu wucewa. Sai yamma likita ya zo, wani matashi da gani shi ma bai ci abinci ba. Ya duba, ya kira ni gefe, Rifkatu na fassara abin da ya fi ƙarfin Turancina. Magana ɗaya ta zauna mini har yau. Ya ce irin wannan ciwon daga ƙashi yake fara ci ya fito waje, abin da nake gani baki ne kawai, ɗakin yana ciki. Ya ce ƙwayar cutar ta shiga jini. Ya tambaye ni tun yaushe, na faɗa, ya girgiza kai.

Alhaji ya iso da la'asar, na kira shi tun muna hanya. Na zaci faɗa zai yi, sai ya tarar da Rifkatu a baranda. Ta gaishe shi da ladabi, ta maimaita masa abin da ta gaya mini, har da keken da ke jira a lungu. Ya ce, “Ni na ɗauka in na ce a kawo wani, kwaɗayi ne. An ba ka ɗaya ka ce a ƙaro?” Ta ce, “Alhaji, ai don a faɗa mana muke kira.” Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya daɗe a tsaye. Da aka ce ana neman jini, shi ya fara miƙa hannu, dattijo da shi, sai da nas ta ce shekarunsa sun wuce, ya kira yaran shagonsa da mahauta suka zo suka bayar.

Aka shiga da Malam tiyata aka yanke ruɓaɓɓen naman. Da na ga ramin bayan an gama, sai na gane abin da likita ke nufi. Makon farko zazzaɓi ya sauka, muka fara murna. Na biyu ya dawo. Aka canza allura zuwa wata mai tsada wadda ba a samu a cikin asibitin, sai an fita waje, kuma kullum ne. Na sayar da firjina da 'yan kunnen da na ajiye, Alhaji ya karya albasarsa a farashin da ba ya so. Nas-nas ɗin ɗakin, wasu Allah Ya yi musu albarka, su suka koya mini juya majinyaci kowane ɗan lokaci da duba fata, abin da da an koya mini a sallamar farko da ban zauna ina ba ku wannan labarin ba. Wasu kuwa sai ka kira su har muryarka ta dushe, su zo suna yi maka tsawa wai kai ka kawo shi a makare, kamar ba ka sani ba.

Duk wannan bai dame ni kamar shirun Malam ba. Tun ran da na shigo da Rifkatu bai ƙara yi mini magana ba. Zai karɓi abinci a hannun Sadiya, 'yarmu da ta zo daga Ikorodu, ni in na miƙa ya rufe baki. Ina juya shi, ina wanke shi, yana kallon wani wajen. Shekara talatin da wani abu muna tare, ko faɗa muka yi ba ya kwana, sai ga shi a gadon asibiti yana gaba da ni saboda na nema masa rai. Na shiga banɗaki na yi kuka ya fi a ƙirga, in wanke fuska in dawo.

Rifkatu ba ta daina zuwa ba. Ta zo da awo ta gwada faɗinsa da tsawon ƙafarsa yana kwance, ta gyara ƙaramin keken daidai da shi, ta sa aka kai mana gida ya jira shi. Likita ya ce sai ciwon ya cike kafin a yi maganar zama, wata da watanni.

Ciwon bai cike ba. A mako na huɗu ƙodarsa ta fara gazawa, ƙafafu suka kumbura, ya koma yawan barci. Wata rana bayan azahar, Sadiya ta fita sayen magani, ina zaune ina yi masa fifita, sai na ji ya ce, “Binta.” Na ɗauka kunnena ne. Na sunkuya.

Ya ce, “Keken?”

Na ce, “Yana gida, Malam. Ba wanda ya taɓa shi. Har wani suka kawo maka daidai jikinka, da kushin, yana nan kusa da gado yana jiran ka.”

Ya ce, “Ba su ƙwace ba?”

“Ba sa ƙwacewa.”

Ya lumshe ido, hawaye ya gangaro ta gefen da ke da lafiya. Ya lalubo hannuna ya riƙe. Ya ce, “Da mun faɗa.”

Na ce, “Sha ruwa.” Ya buɗe baki ya sha a hannuna. Bayan kwana biyu Allah Ya karɓi abinsa, da hantsi, ina riƙe da shi. Allah Ya jiƙansa Ya sa ciwon ya zama kaffara.

To ku da ke da majinyaci, ga abin da na saya da tsada nake ba ku kyauta. Wanda jikinsa ya shanye ba ya jin zafin zama, ku ne za ku ji masa. Ku duba fatarsa kullum, in kun ga ja a kan ƙashi ku ɗauke shi daga kan wurin ku nemi masu sani, ku bar zuma da kafso. In an ba ku keke ko sanda aro aka ce za a riƙa kira, kada ku yi musu gaisuwa, ku ba su amsa. Alhamdulillahi tana nan a wurinta, ba ta hana a ce ga inda ke ciwo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka lambar da za a bayar ta mai wanke majinyaci ce, ba ta babban gida ba. Wannan na gaya wa Rifkatu, ta ce yanzu lamba biyu take karɓa.

Bayan sadakar bakwai Rifkatu ta zo ta'aziyya, da wata ƙaramar mota da za ta kwashi kekunan. Alhaji na nan a kan tabarma a baranda. Ta zauna ta yi mana gaisuwa, sannan ta ciro wayarta tana jin nauyi, ta ce, “Mama, ki yi haƙuri, dole in rufe bayanin keken kafin a ba wani. Akwai wurin da ake faɗar yadda aka ƙare. Me zan rubuta?”

Kafin in yi magana Alhaji ya ce, “Rubuta cewa kin tambaya. Duk kiran da kika yi kin tambaya, ni na ce miki lafiya lau.” Ya ja babbar rigarsa ya rufe fuska.

Ta rubuta. Direban ya shiga ɗaki ya fito da tsohon keken, ya ninke shi ya sa a mota. Ya koma ya fito da ƙaramin, ya tsaya yana tambayar Rifkatu ko shi ma sai an kai wanki. Ta duba ta ce a'a, a kai shi kai tsaye, akwai wani tsoho a Oyingbo da ke jira. Ko ledarsa ba a cire ba.